Neman Dawar da Ba Ta Sha Magani Ba

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tambaye ni, a kasuwa a tambaye ni, har wani da ba mu taɓa gaisawa ba ya tare ni a gidan mai yana so ya ji ko da gaske ne an gan ni a Gujungu ina ɗaga buhunan mutane ina neman ƙwaro. Da gaske ne. Amma tunda kowa ya ɗauki guntun labarin ya ƙara masa gishirinsa, gara in zauna in faɗe shi daga tushe, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sana'ata hatsi. Da awo na fara a bakin kasuwar Shuwarin, da mudu da buhun aro, yau ina da sito a Dutse da gida a Takur. A duk tsawon wannan lokaci abokan gabata biyu ne, ƙwaro da fumfuna. Ban san wani ilimi da ya wuce na yadda ake hana su shiga buhu ba.

'Yata Ruƙayya ta yi bautar ƙasa a Ibadan. 'Ya'yan wasu suna dawowa da Yarbanci, wasu da son barkono. Ita da noman naman kaza ta dawo, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Wata mata mai gonar abin ce ta koya mata, Madam take kiranta. Da ta yi mini bayanin yadda ake yi, sai da na ce ta maimaita. Wai za a sami dawa mai kyau a wanke, a jiƙa, a ɗan tafasa, a shanya ta sha iska, a ɗura a kwalabe a toshe da auduga, a turara a durom, sannan a ɗiga mata iri a kai ta ɗaki mai duhu har wani farin abu kamar saƙar gizo ya mamaye ta. Wannan dawar da ta yi fari ita ake barbaɗawa a ledojin garin katako, naman kazan ya tsiro. A taƙaice, abin da nake korar ma'aikaci a kansa shi 'yata ta je kudu ta koyo.

Na ba ta ɗakin bayan gida, na ba ta dawa daga sitona, wadda ta fi kowace. Zubin farko ko motsi bai yi ba. Na biyu ya yi tsami, ya yi kore, wari ya kori uwarta daga tsakar gida. Ta kira Madam, Madam ta yi mata tambaya ɗaya: me aka zuba wa dawar? Amsar ita ce duk wani maganin ƙwari da ake zubawa. Ga kuma injin sussuka da ya farfasa rabin ƙwayar, fasasshiyar dawa kuwa da ta ji ruwa sai ta dame ta ruɓe. Madam ta ce ta daina wahala a ƙasar da ake shayar da hatsi magani, ta koma Ibadan, aiki da ɗaki suna jiranta, amma ta ba da amsa kafin damina ta zauna.

Ruƙayya ta ce za ta gwada sau ɗaya tak. In ya kama ta zauna, in bai kama ba ta tafi. Ban yi mata gardama ba, don magana ce ta hankali. Amma ni ba na son ta tafi. Ita ce babba, ita kaɗai ce a gidan take gaya mini gaskiya ba ta jira na gama cin abinci ba. Na ce mata in dai dawa ce, ko a ina take a ƙasar Jigawa zan nemo ta, ta shirya mu tafi tare ta zaɓa da hannunta.

Lokacin bazara ne, kaka ta yi nisa, kuma duk ɗan kasuwa ya san me wannan ke nufi: hatsin da ya kai yanzu bai lalace ba, da dalili.

Muka ɗauki a-kori-kurar Malam Modu. Modu Babarbare ne, ni kuma jinin Fulani, saboda haka tun muna samari bai taɓa gaya mini magana mai daɗi ba, ni ma ban taɓa ba shi wannan kunyar ba. Ƙofar motarsa ta gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, in za ka fita sai direba ya zagayo ya kwance ka. Ruƙayya ta zauna a tsakiya da kula a cinya. A cikin kular akwai kwalbar iri guda da Madam ta aiko mata, fara tas. Ta kuma riƙo roba da jarkar ruwa, da wata leda ta busasshen naman kaza da ta ce ko za a buƙaci nuna wa mutane.

Shuwarin muka fara, inda na tashi a sana'a. Nan kowa ya san ni, kuma kowa ya san abin da nake son ji. Ban gama sallama ba wani tsohon abokin ciniki ya buɗe bakin buhu ya ce, "Alhaji, wannan ka kai sito ka manta da ita. Na sa mata ƙwayar maganin nan bom, na bi ta da hoda, buhun ma sai da na fesa." Ruƙayya ta yi masa godiya ta wuce. Na gaba ya ce tasa ko ɓera ya ci sai ya yi wasiyya. Ta wuce. Haka muka zagaye layin hatsi, kowa yana yabon kayansa da abin da ke kashe cinikin, ni kuma ina biye da ita ina ba da haƙuri. Daga ƙarshe na tsaya na ce wadda ba a sa wa komai ba nake nema. Wani ya tambayi Modu a hankali ko lafiyata ƙalau, Modu ya ce ai shi ya sa ya rako ni.

Kuskuren da na yi ke nan na faɗa a fili, don waya ta riga mu isa Aujara. Muna sauka muka tarar duk garin ba wanda ya taɓa jin sunan magani. Mutumin da na sani shekara da shekaru da laƙabin Mai-hoda ya dafa ƙirji ya ce shi dawarsa addu'a kawai yake yi mata. Ruƙayya ta fito da robarta. Yadda take gwaji shi ne ta ɗebi tafin hannu ta zuba a ruwa: wadda ta taso sama fanko ce ko matacciya, wadda ta nutse ita ce dawa. Sannan ta duba nawa ne a fashe, ta shanshana. Ni kuma in ɗauki ƙwaya in gatsa, in ta ce ƙas ta bushe da kyau. Duk wannan yana nuna lafiyar ƙwaya, amma ba ya nuna magani, musamman in an sheƙe ta an goge.

A gidan wani mai saya mini hatsi muka sauka. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, irin wanda ba a samu a Dutse sai an yi rashin lafiya an ce me kake marmari. Ruƙayya ta shiga wurin mata. Da safe ta ce mini sun tambaye ta me ta karanta, da ta faɗa musu sana'arta sai uwargidan ta riƙe haɓa ta ce Allah ya ba uwarta haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa. Wata tsohuwa kuma ta ja ta gefe ta ce ta san mai rubutu a Jahun, ba ya tona asiri.

Ina zaune a zauren mai gidan ina shan koko, jingine da buhunansa, sai na lura da abu. Zafi ake yi irin wanda ƙwari ke fitowa shan iska, amma bangon nan da bakin buhunan nan ko ɗaya babu. Na ce to ai ga shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Mutum zai rantse, ƙwaro ba zai rantse ba. Inda na ga ƙwaro mai rai yana tafiya da ƙafarsa, nan ba a zuba magani ba.

Da wannan dabara muka shiga kasuwar Gujungu, kuma nan ne sunana ya ɓaci. Ku da kuka ji labarin, ku sani ban yi rarrafe ba kamar yadda ake faɗa. Durƙusawa na yi. Ina ɗaga kusurwar buhu, ina buɗe ɗinki, ina leƙa ƙarƙashin katako. Matsalar ita ce hannun ɗan kasuwa ya riga ya saba. Wani yana hango ni ya ga ƙwaro a bakin buhunsa, kafin na iso ya ɗalle shi da yatsa.

Na ce, "Ina ka jefa shi?"

Ya ce, "Wa?"

"Wanda ka ɗalle yanzu."

"Alhaji, ni kayana ba ƙwaro."

"To ka yi asara, don shi na zo saye."

Sai ga shi shi ma a durƙushe muna nema tare. Modu yana teburin mai shayi yana ba jama'a labari cewa Fulanin yanzu shanu sun ƙare musu, kiwon ƙwari suka koma, shi ma an ɗauke shi ne ya riƙa kai su mashaya.

Mun sami buhu mai ƙwaro. Ruƙayya ta zuba a ruwa, rabin dawar ta taso tana yawo, duk an huda ta an cinye cikin. Shaidun sun yi yawa har sun cinye dukiyar da ake shari'a a kanta. Wanda kuma muka samu da ƙwaro ɗaya biyu, inji ya farfasa shi. Na nuna mata masara, ta ce ƙwayar ta yi girma, kuma tana fashewa a tafasa. Na nuna mata alkamar Haɗeja, ta ce tana yi, amma mai ita ya riga ya rantse mana da hodarsa kafin ya gane ko su wane ne mu. Dab da la'asar wani ya zo da gudu ya ce ga irin wadda nake so. Muka je muka tarar da buhun dawa kaura mai kyau, ƙwari a bakinsa kamar an shirya su. Na sunkuya na duba, duk a kwance suke, ƙafafu a sama. Daga wani buhun ya kwaso su ya zuba, maganin nasa ya gama da su kafin mu ƙaraso. Na ce masa Allah ya jiƙan shaidunsa. Bai ji kunya ba, ya ce da mun yi sauri da mun same su da rai.

Nan Modu ya kawo shawara. Yana da suruki a wani ƙauye bayan Maigatari, a hanyar Dungas, can cikin Nijar. Ya ce mutanen can a rumbu suke ajiye hatsi da zangarniyarsa, ba ruwansu da hoda. Na san a lokacin an hana fitar da hatsi daga ƙasarsu, na kuwa faɗa masa. Ya ce wannan doka ta manyan motoci ce, ɗan abin gwaji ba wanda zai kalla. Na san Modu, na san maganarsa, amma mai neman abu ba ya rasa dalilin yarda.

Muka bar motar a Maigatari muka hau babura. A kan iyaka, wani ma'aikaci mai fara'a ya ce a buɗe kula. Ya ga kwalba an toshe da auduga, cike da farin abu. Fara'ar ta ragu. Ya kira na biyu, na biyun ya kira na uku. Suka ce a buɗe su shanshana, Ruƙayya ta rungume kwalbar ta ce in iska ta shiga ta lalace. Wannan amsa ba ta taimake mu ba. Aka ba mu benci. Ta fito da waya ta nuna musu hotunan gonar Madam, ta yi bayani tun daga jiƙo har tsiro. Babbansu ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, kai ne mahaifinta, kuma hatsi kake sayarwa?" Na ce e. Ya ce, "Kuma da saninka take ruɓar da shi?" Na ce da motar haya ma nake rakiyarta. Ya ce mu wuce, wanda zai yi fasa-ƙwauri ba zai ƙirƙiro irin wannan labari ba.

Mutanen can Hausawa ne kamar mu, amma da ka zauna za ka san ka ƙetare. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake riƙe shi, kuma in ya kwana sai ka yi niyya kafin ka gatsa. Shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma tashi kafin na uku rashin kunya ne. Mu nan fura abin sha ce bayan abinci. Can ita ce abincin, ita ce ruwan, ita ce hirar. Da rana ta take kuma kowa ya rufe harkarsa ya kwanta, ko da kuɗi a hannunka ka zo sai ka jira. Na ce wa surukin Modu a Shuwarin wanda ya kwanta da azahar ranar kasuwa sai a je duba shi. Ya ce shi ya sa muke tsufa da wuri.

Ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya buɗe rumbu, amma dawa kaɗan ce a ƙasarsu, gero ne. Gero kuwa mai tsabta, ba magani, ba fashi. Ruƙayya ta gwada, ta ce zai yi, ko da yake ƙwayarsa ƙanana ce, in ruwa ya ɗan yi yawa sai ya cure ya zama dunƙule. Ta ce da babu gara shi. Aka sussuka mana rabin buhu muka ɗaura a babur. Ba mu yi nisa ba jandarma, ɗan sandan ƙasarsu, ya tsayar da mu. Mutum mai ladabi, ya gaishe ni da Baba, ya tambayi gajiya, sannan ya ce buhun zai koma inda ya fito. Modu ya fara bayanin manyan motoci. Jandarman ya tambaya ko mun sha fura a garin, muka ce mun sha. Ya ce, "To wannan geron shi kaɗai za ku ƙetare da shi."

A Gumel muka yada zango, a wani masauki mai fanka da ke juyawa kamar tana jin nauyin mutane. Muna cin shinkafa da wake a bakin titi wayar Ruƙayya ta yi ƙara. Madam ce. Ta tashi ta koma gefe tana amsawa da Turanci cikin ladabi. Ba na jin Turanci sosai, amma na san muryar wanda ake tambayarsa ranar zuwa. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Da ta dawo ta ce, "Baba, ka yi iya ƙoƙarinka. Mu koma gida." Modu bai yi tsokana ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na ce a ba ni zuwa safiya. Abin da na gano shi ne tun farko a wurin da bai dace ba nake nema. Duk hatsin da ya zo kasuwa an shirya shi ne don kasuwa. Wanda muke so yana wurin mutumin da ba shi da niyyar sayarwa. Na tuna dangin mahaifiyata a wata ruga kusa da Garki, waɗanda suka zauna suka kama noma amma ba su saki shanu ba. Rabona da su tun rasuwarta.

Baffa Buba, ƙanin mahaifiyata, kawuna ke nan amma kowa Baffa yake ce masa, yana nan da ransa, ya tsufa amma idonsa garau. Ya gaishe ni da Fulatanci, na amsa biyu na uku ya ƙwace mini. Ya ce wa Modu, "Kun cinye mana shi." Modu ya ce ai ba wani nama a jikinsa. Aka kawo kindirmo a ƙwarya. Sai da muka gama gaisuwar mutane da ta shanu na kawo maganar dawa.

Ya sa aka ɗaga hular rumbu, ya hau da kansa ya miƙo zangarniya. Kaura ce, rawaya, ƙwaya cike kamar idon zakara, an jera ta da ganyen darbejiya tsakani. Na murza a tafin hannu na gatsa, ta ce ƙas. Ruƙayya ta zuba a ruwa, duk ta nutse, ko ɗaya ba ta taso ba. Ga kuma ƙwaro guda, siriri, yana tafiya a kan karan kamar mai neman hanyar fita. Ban taɓa jin daɗin ganin maƙiyi irin na ranar ba. Ruƙayya ta sake ɗiba ta zuba a robar, ita ma duk ta nutse.

Baffa ya ce in faɗi dami nawa nake so. Sannan, yana shirin sake hawa, ya tambaya, "Tuwo za a yi ko iri?"

Modu ya taka mini ƙafa. Na san me yake nufi, kalma ɗaya ce, tuwo, mu ɗauka mu tafi. Amma ƙanin uwata ne, a gidansa nake, nonon shanunsa ne a cikina. Na ce Ruƙayya ta nuna masa kwalbar. Ya karɓa ya juya ta, ya kai kusa da ido. Ya tambaya ko dawa ce a ciki, aka ce ita ce. Ya tambaya ko da gangan aka yi mata haka, aka ce da gangan. Ya miƙa mata kwalbarta, ya ce a mayar da hular rumbu.

Ya ce, "Ni na ga shekarar da muka tona gidan tururuwa muna neman ƙwayar hatsi. Uwarka tana cikin masu tonon. Ka zo ka ce yunwa kake ji, in ba ka rumbun duka. Amma ba zan ba da abinci a jiƙa shi a ɗura a kwalba ya yi fumfuna ba."

Duk dabarar ciniki da na sani na fito da ita. Na ƙara farashi, ya ce ba a kasuwa muke ba. Na ce zan musanya masa da ninki daga sitona, ya ce ya ji labarin abin da muke zuba wa namu. Na kawo zumunci, ya ce zumuncin ne ya sa bai kore ni ba. Modu ya ce da na bar Babarbare ya yi magana da yanzu muna Ringim. Ruƙayya dai ta ɗauki ledarta ta shige cikin gida wurin Goggo Dije, matar Baffa.

Bayan magariba aka kawo tuwo da miyar kuɓewa. Baffa ya yi loma biyu ya tsaya. Ya sa yatsa ya ciro wani abu daga miyar ya duba, ya mayar baki. Ya ƙwala wa Goggo kira, ya tambaye ta ina ta sami wannan alhali ruwa bai sauka ba. Ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi, lokacin da suke kai shanu kudu, da damina suna tsintar shi a gindin suri, uwarsu ta yi musu miya. Goggo ta ce jikarsa ce ta zo da shi, kuma daga irin kwalbar nan da ya ƙi ya fito.

Ruƙayya ta durƙusa daga gefe ta yi masa bayani. Ta ce dawar ba ita ce gonar ba, jagora ce. Kwalba ɗaya tana tayar da ledoji da yawa na garin katako, abin da ko akuya ba ta ci, su ba da abin miya. Baffa ya ce duk da haka an ɓata dawar. Goggo, wadda ke tsaye da fitila, ta ce, "Kai da ba ka iya wuni ba kindirmo, kullum sai na ɗebi tsohon nono na zuba a sabuwar madara na rufe na kai ɗaki. Ka taɓa cewa na ɓata madara?"

Baffa ya ci gaba da cin tuwonsa, ya sa aka ƙaro miya. Da ya wanke hannu ya ce da safe a sauke dami uku. Kuɗi kuwa kada wanda ya yi masa maganarsu. In abin ya tsiro a kawo masa na fari, in bai tsiro ba kada in sake zuwa da maganar kwalba, in zo da gaisuwa kawai.

Saura sussuka. Goggo ta jawo turmi, Ruƙayya ta ce taɓarya za ta fasa ƙwayar. Inji kuwa ba a ma ambace shi ba. Sai dai a shimfiɗa tabarma a murje zangarniya da hannu, a ɗan bubbuga da sanda a hankali. Matan gidan suka ce su ba su san wannan wasa ba, ga tatsa tana jiransu. Baffa ya ce ai ga maza biyu zaune ba aikin fari ba na baƙi. Haka ni da Modu muka tuɓe manyan riguna muka zauna. Wanda bai taɓa shiga ƙaiƙayin dawa da zafin bazara ba, kada ya ce ya san duniya. Ya shiga wuya, ya shiga hammata, ya shiga wuraren da ba a sosawa a gaban surukai. Modu yana murza yana lissafa kakannina. Ruƙayya tana tsaye a kanmu tana tsince fasassu tana cewa a rage ƙarfi. Matan da ke wucewa da ƙore suna gaishe mu da aiki, su yi gaba kaɗan mu ji dariyarsu. Da muka gama, a bakin rijiya muka yi wanka, shanu suna jiran layi.

Ta Ringim muka biyo muka dawo. Buhun a gaba ya zauna, a kan cinyata, don Ruƙayya ta ce bayan motar Modu ya sha ɗaukar taki da maganin feshi. Ruwan farko ya same mu a hanya, gilashin ƙofar kuma ba ya rufuwa, na kare buhun da babbar rigata.

Ta yi aikinta yadda ta saba, ta rufe ɗaki ta hana kowa shiga. Ni dai kullum in na dawo daga sito sai in bi ta bayan gida in ja numfashi, ko zan ji tsami. Uwarta ta ce in daina, maƙwabta sun fara lura. Ba wanda ya yi maganar Ibadan, ba kuma wanda ya manta da ita.

Wata safiya ina shirin fita ta kira ni. Ta sa na cire takalmi, ta fesa mini wani ruwa mai warin asibiti a hannu, ta ɗaura mini ƙyalle a hanci. Kwalabe a jere a kan katako, kowace ta yi fari daga wuya har gindi, ba kore, ba baƙi, ba wari. Na tambaye ta ko haka ake so. Ta ce ko a wurin Madam ba ta taɓa ganin wanda ya kama da ƙarfi haka ba.

Na ce, "To me za ki gaya mata?"

Ta ce, "Na riga na gaya mata. Ta ce in aika mata da kwalba goma, nata irin bai kai wannan ba." Sannan ta ce, "Baba, ledojin da wannan zai tayar ba za su shiga ɗakin nan ba. Garejinka yana da sanyi, kuma ba taga."

Na ce mota fa? Ta ce mota ba ta tsiro.

Saboda haka masu tambayar ko na sayar da gareji ne, ko ƙofar ce ta lalace, ga amsarku. Na fari mun kai wa Baffa, ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Motata tana ƙofar gida, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, awakin unguwa suna kwana a ƙarƙashinta. 'Yata tana cikin gida.